Rigar farauta mai zanen ganye a gwanjon Legas: barewa ba ta karanta zane

Idan aka fasa dila a rumfunan gwanjo na Katangowa, can wajen Abule Egba, ko a lungunan Agege da Yaba, ba a cika rasa riga ko wando mai zanen rassan itace da busassun ganyaye ba, irin wanda in ka rataye shi a jikin bishiya sai ka neme shi ka rasa. Ka juya wuyan rigar, sau da yawa za ka ga an rubuta Realtree ko Mossy Oak. Kayan maharban Amurka ne da suka gama yayinsu a can. Mai rumfa zai ɗaga ta da hannu biyu ya ce, "Alhaji, wannan ko barewa ta zo gabanka ba za ta gan ka ba," sannan ya ɗora mata kuɗi sama da na sauran riguna. Cikin masu saye kuwa akwai mafarauta mazauna Legas da ke fita dazukan Epe da Ikorodu da cikin jihar Ogun, sai masu kai wa 'yan uwa tsaraba Arewa.

Da yawa daga cikin kayan nan masu inganci ne, ɗinkinsu ya fi na sabbin da ake shigowa da su masu araha. Sai dai abin da ake ƙara wa mutum kuɗi dominsa, wato zanen, shi ne mafi ƙarancin amfani a jikin rigar in dai barewa ko gada ake nema. Yadin da ƙararsa da ƙyallinsa da warinsa duk sun sha gaban zane, kuma su ne ba wanda ke dubawa a kasuwa.

Dabbar da aka yi kayan dominta ba ta ƙasar nan. Barewar Amurka mai farar wutsiya tana zubar da ƙahonta kowace shekara ta fito da sabo, alhali barewarmu da gada da mazo da kwanta-rafi dangin awaki ne da shanu, ƙahonsu na dindindin ne. A duk Afirka, dangin waccan na asali sai a duwatsun Atlas, wajen Aljeriya da Tunisiya. Amma ta fuskar ido bambancin bai taka kara ya karya ba, domin shanu da awaki da tumaki ma tsarin ganinsu ɗaya ne da nata. Abin da aka gano game da ita zai yi wa mai bin gada amfani.

A idon ɗan Adam akwai ƙwayoyin gane launi iri uku: na shuɗi, na kore, na ja. Barewa biyu gare ta. Wani bincike da masana suka yi tare da Jami'ar Jojiya ta Amurka, aka buga shi a 1994, ya auna su: ɗaya ta fi kama haske a wajen nanomita 455 (ma'aunin tsawon zangon haske), wato shuɗi, ɗayar a wajen 537, tsakanin kore da ruwan ɗorawa. Ta ja babu. Ke nan ja da ruwan lemo da ruwan ƙasa da kore duk sukan zo mata kusan a launi guda mai dishi-dishi, sai dai wani ya fi wani haske. Kaifin ganinta ma bai kai namu ba. Abin da mutum zai tantance daga nesa, ita sai ta matso sosai. Jijiyar ganye da tsagar ɓawon itace da aka ɓata lokaci aka zana a rigar, wanda ke sa mai saye ya ce "kai, kamar gaske," mai saye kaɗai ke ganinsu.

Inda Allah ya ba ta shi ne faɗin gani da kama motsi. Idanunta na gefen kai, ƙwayar idon a kwance take, tana ganin kusan digiri 300 ba tare da ta waiwaya ba, mu kuwa wajen 180. A bayan idon akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, shi ne ke sa idon dabba ya yi ƙyalli in an haska ta da tocila, shi ne kuma ke ba ta gani da asuba da magariba lokacin da mu muke lalube. Mutumin da ya zauna cik a gindin bishiya da tsohuwar riga ruwan toka, barewa na iya wucewa taki goma daga gare shi. Wanda ya sa kaya mafi tsada ya ɗaga hannu ya kori sauro, ta gama da shi.

Hujja mafi ƙarfi ma daga can Amurkan take. A yawancin jihohinsu, doka ta tilasta wa mai harbin barewa da bindiga ya sa riga ko hula mai ruwan lemo garau, don kada wani maharbi ya ɗauke shi nama. A Kolorado inci murabba'i 500 na wannan launi ake nema a jiki, a Fensilbeniya 250, a Wiskonsin kuwa sai rabin kayan da ke saman ƙugu ya zama wannan launi, har suka halatta ruwan hoda mai haske a 2016. Da wannan shigar, wadda mutum zai hango daga rabin kilomita, suke kashe miliyoyin barewa kowace shekara. Kafin nan ma kakanninsu da jar rigar ulu mai gida-gida suke shiga daji. Zanen itatuwan nan sabon abu ne: Jim Crumley ya fito da zanen Trebark a wajen 1980, Bill Jordan ya kafa kamfanin Realtree a 1986, a shekarar ce kuma Toxey Haas ya kafa Mossy Oak a Misisipi. Tun kafin a haife su ake cin naman barewa.

Kada a ce zanen shirme ne gaba ɗaya. Yana da aiki ɗaya na gaske: ya karya siffar mutum, wato kai da kafaɗu biyu da doguwar tsayuwa, wadda duk dabbar daji ta san ta. Wannan kuwa manyan dabbare-dabbare masu haske da duhu ne ke yinsa, ba ƙananan zane ba. A nan ne yawancin rigunan gwanjon ke faɗuwa. An cika su da ƙananan ganyaye masu duhu, to daga taki talatin zuwa arba'in sai duk su haɗe su zama baƙin dunƙule guda, kamar kututturen da ya ƙone. Gwajin ba wuya. Ka rataye rigar a jikin shuka, ka ja baya taki talatin, ka ɗauke ta hoto da waya, ka mayar da hoton baƙi da fari. In ta fito ɗamɓareren duhu a tsakiyar ciyawa mai haske, haka dabba za ta gan ka. In ta rarrabu gida-gida, wani wuri fari-fari wani wuri duhu, ta yi. Akwai kuma batun yanayi: an zana yawancinsu ne don dajin Amurka na kaka, lokacin da ganye ya bushe ya zube. Dajin Epe da Badagry kore ne shar kusan duk shekara, ga kwakwar manja ga fadama. Masu ruwan busasshiyar ciyawa sun fi dacewa da wanda zai kai su Neja ko Kwara da rani.

Launin da ya kamata a guda shi ne shuɗi, da fari tas. Wandon jins, wanda samari ke ganin shi ne mai jure ƙaya, yana cikin mafi munin abin da za a sa, domin daidai inda idon barewa ya fi kaifi yake. Kuma akwai shuɗin da mu ba ma gani. Yawancin garin sabulun wanki na zamani ana zuba masa wani sinadari mai sa kaya su yi fes, aikin da bula ke yi wa farar shadda. Yana shan hasken da ido bai gani ya mayar da shi shuɗi-shuɗi. Madubin idon mutum yana tace wannan ɓangaren haske, na barewa bai cika tacewa ba. Rigar gwanjo kuwa ba ka san sau nawa mai ita na farko ya wanke ta da irin wannan sabulu ba. Fitilar nan ta gane jabun kuɗi da 'yan canji ke amfani da ita ta isa gwaji: a kashe wuta, a haska rigar. Mai lafiya za ta zauna dishi-dishi. Wadda ta sha sinadarin za ta ɗau haske kamar allon waya, musamman a zaren ɗinki da fararen wuraren zanen. Sinadarin ba ya fita da wanki ɗaya ko biyu, don haka in ta haska sosai, a bar wa mai rumfa kayansa.

Wankin da ya dace da ita: ruwa zalla, da sabulun salo marar turare ko cokali uku zuwa huɗu na sodar burodi a bokiti, a ɗauraye sau biyu, a juya bayanta a shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ban da bula, ban da guga da sitati, ban da turaren wuta. Warin dila kansa, wannan mai hawa kai da kowa ya san gwanjo da shi, yana buƙatar wanki biyu zuwa uku da kwanaki a igiya kafin ya tafi. Bayan nan a adana ta a jaka ita kaɗai, nesa da kicin da janareta. A Legas sai an riƙa fito da ita tana shan iska, in ba haka ba fumfuna ta kama ta cikin mako biyu na damina.

Yanzu ga yadin, inda kuɗin mutum ya kamata ya tafi. Lokacin harbin barewa da bindiga a Amurka ya fi faɗawa daga Oktoba zuwa Janairu, cikin sanyi har da ƙanƙara. Shi ya sa mafi yawan abin da ke fitowa daga dila jibga-jibgan riguna ne masu auduga a ciki da wata leda mai hana ruwa shiga. A garin da zafi ke kai digiri 32 ga laima, wannan tanda ce. Kafin ka yi tafiyar minti ashirin ka jiƙe sharkaf, gumi kuwa shi ne abin da hancin dabba ke jira. Waɗanda suka cancanci saye su ne marasa nauyi da aka yi don farkon kaka ko farautar talo-talon daji: riga mai dogon hannu shafal, da wando mai saƙar gida-gida ta auduga haɗe da roba, wanda in ƙaya ta tsaga shi tsagar ba ta zarcewa.

Da kunne ake sayen rigar farauta. Ka kama hannun rigar ka goga shi a jikin ƙirjinta, sannan ka ja farce a kai. In ka ji "shuu, shuu" irin na lema ko rigar ruwa, ajiye ta komai kyanta, domin haka za ta yi kuka duk lokacin da reshe ya taɓa ka ko ka ɗaga bindiga. Mai laushi kamar bargo ba ta magana, sai dai tana kwasar ƙarangiya da ƙaiƙayi. Aljihun da ke rufe da mannen nan mai ƙara "kyaat" in an ɓare, a cire mannen a sa maɓalli. Tela zai yi maka cikin minti goma. Kan zif na ƙarfe a ɗaure masa zare ko a naɗe shi da tsumma don kada ya riƙa kaɗawa. Sai a juya cikin rigar: in ledar ciki ta fara ɓarewa kamar fatar maciji, ko tana zubar da farin gari, ko tef ɗin da ke bin ɗinki ya ɗago, ta mutu, laimar Legas za ta ƙarasa ta. Daga ƙarshe a fita da ita rana a karkata ta. Yadin roba da ya sha guga ko ya tsufa yakan yi sheƙi, sheƙi kuwa ba abin da ke yinsa a daji sai ruwa.

Wasu rigunan za ka ga an rubuta cewa akwai gawayi a cikinsu mai shanye warin jiki. Gawayin gaskiya ne yana shan wari, amma yana cika, kuma mayar da shi sabo na buƙatar zafin ɗaruruwan digiri da ba yadin da zai jure. Wadda ta yi shekaru a jikin wani, ta kwana cikin dila ta ƙetare teku, ta riga ta ƙoshi. Kada a ƙara ko sisi saboda wannan rubutu.

Batun bindiga gajere ne. Ƙota da bututun da aka yi wa zanen ganye, ko dai an tsoma su ne a ruwa mai ɗauke da fatar zane, ko an fesa musu fenti mai tauri, ko an naɗe su da tef. Barewa ba ta bambanta baƙar bindiga da reshe. Abin da take gani shi ne walƙiyar bututu mai sheƙi ko ƙota mai varnish in rana ta doke su, da gilashin madubin saiti, da kuma lilon bakin bindigar lokacin da ake ɗaga ta. Duk abin da ya kashe ƙyalli ya wadatar, ko da fenti ne baƙi marar sheƙi. Zanen da aka tsoma yana gogewa a inda hannu ke kamawa, kuma man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET yana narkar da shi ya bar shi da danƙo. Tef ya fi kowanne araha, ya kuma fi kowanne ɓarna a garin nan: ruwa da gumi na shiga ƙarƙashinsa su kwanta, ka ɓare bayan wata guda ka tarar da tsatsa ta ci bututun layi-layi. Wanda zai yi amfani da shi ya nemi irin mai kama jikinsa ba tare da gam ba, ya cire shi duk ranar da ya dawo, ya goge ƙarfen ya shafa mai. Kada a naɗe bututu tare da katakon da ke ƙarƙashinsa a matse, domin a bindigogin da aka bar 'yar tazara tsakaninsu da gangan, matsewar na sauya inda harsashi ke faɗawa. Kada kuma tef ya kusanci kunama ko makullin kariya.

Maharbin Amurka mai doguwar bindiga yakan harba daga yadi ɗari ko fiye, inda zane ba shi da wani tasiri. Namu mai adaka ko bindigar harsashin gubar warwatse sai ya matso mita talatin zuwa arba'in, kusan tazarar mai baka. A wannan kusanci abin da ke tona mutum fuska ce da bayan hannu: suna motsi, gumi na sa su sheƙi. Hula mai baki da safar hannu mara nauyi da ɗan ƙyallen rufe fuska sun fi sabuwar riga amfani, kuɗinsu kuma bai kai rabin nata ba. In kuwa zabin daji ko fakara ko agwagin ruwa ake nema, magana ta sauya, don tsuntsu na ganin launi fiye da mutum. A nan zanen ya ci kuɗinsa.

Maharban ƙasar Hausa sun daɗe da gane wannan. Mai farauta da burtu yakan ɗaura kan tsuntsun da aka sassaƙa a goshinsa, ya lulluɓe jiki da baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo, har ya shiga cikin garke. Ba ganye ko ɗaya a jikinsa. Siffarsa ya sauya, da irin motsinsa, kuma ba ya taɓa tunkarar nama ta inda iska za ta kai warinsa. Toka a ƙulle cikin tsumma, a girgiza a ga inda ta nufa, har yau ba a yi na'urar da ta fi ta ba. Iska ta riƙa bugun fuskarka ko kuncinka. In ta koma bayan wuyanka, tashi ka sake wuri, ko me ka sa.

Sai abin da mai rumfa ba zai gaya maka ba. Sashe na 110 na kundin dokokin laifuka na Najeriya, wato Criminal Code, ya haramta wa wanda ba soja ba sa kakin soja ko wani ɓangare nasa, rundunar soji kuma ta sha jan kunne a kan haka. Zanen itatuwa na maharba ba kakin kowace runduna ba ne, amma a cikin dila ɗaya akan samu masu dabbaren kore da baƙi da ruwan ƙasa irin na sojoji, waɗannan kam a nisance su. Ko mai ganyen ma, wanda ya tare ka a Oshodi ko a bakin bariki a Ikeja ba lallai ya tsaya bambance ganyen Misisipi da kaki ba. A ninke ta a jaka, sai an shiga daji a sa. Bindigar kuma, Dokar Makamai ta 1959 ta tanadi lasisi har ga adaka, kuma yi mata zane irin na sojoji ƙarin tambayoyi kawai zai jawo a shingen bincike. Wurare irin su gandun Lekki ba a farauta a cikinsu sam, akwai kuma namun da dokar kare dabbobi masu ƙarewa ta 1985 ta hana taɓawa ko'ina ne.

Ga masu fita rukuni, rigar da ta ɓoye ka daga idon abokin tafiyarka haɗari ce. Labarin maharbin da ya harbi ɗan uwansa yana zaton nama ne ba baƙo ba ne a jaridun ƙasar nan. Tunda gada ba ta ganin ruwan lemo yadda muke ganinsa, 'yar shara mai wannan launi, irin ta masu sharar titi da ma'aikatan gini, a saman rigar ba ta rage komai. A nemi marar sheƙi mai laushi, a sa reza a farke farin layin nan mai walƙiya da ke jikinta, a haska ta da fitilar 'yan canji kamar sauran. Mai ruwan tsanwa garau ba ta yi ba, domin launinta na cikin wanda dabbar ke gani da kyau.

Wanda ya tarar da riga mara nauyi, marar ƙara, mai manyan dabbare, wadda ba ta haska a fitila ba, kuma kuɗinta bai wuce na sauran rigunan rumfar da wani abin kirki ba, ya saya, za ta yi masa shekaru. In mai rumfa ya kafe a kan kuɗin zane, a rumfar gaba akwai rigunan ma'aikata na auduga masu ruwan toka da ruwan ƙasa da kore mai duhu, masu dogon hannu da aljihu biyu a ƙirji. A ɗauki riga launi ɗaya, wando wani launin daban don jiki ya rabu biyu, sauran canjin a sayi takalmi mai taushin ƙasa da hula.